Yaron Da Ba Zai Tuna Ba, Don Me Za A Kai Shi?

'Yan uwana mata, akwai wata gardama da kan tashi a wasu gidaje duk lokacin da hutun makaranta ya ƙarato, musamman gidajen da Allah ya hore wa maigida mota da ɗan abin hannu. Maigida zai ce bana dai sai an fita da yara sun ga ƙasa, a ƙetara Nijar a yi mako guda ana yawon buɗe ido. Uwargida ta hau murna ta fara haɗa kaya. Sai labari ya kai kunnen Hajiya kakar yara, ta ce, "Yanzu fisabilillahi me ɗan shekara uku ya sani da za ku ɗora shi a hanya? Ku bar min su a nan, ku je ku dawo. In ya girma ku tambaye shi, wallahi ba abin da zai tuna. Wahala kawai za ku ba shi."

Sau da yawa mukan ɗauki irin wannan magana a matsayin rigimar tsofaffi, mu yi murmushi mu ci gaba da shirinmu. Ni kuwa ina ganin tambaya ce mai nauyi wadda ya kamata kowace uwa ta tsaya ta amsa wa kanta kafin ta rufe akwati. Idan har yaro ba zai tuna ba, to tafiyar ta wa ce? Tasa ce, ko tamu ce muka fake da sunansa? Kuma idan tamu ce, muna da hakkin mu sa shi ya sha zafin hanya da ƙishirwa da gajiya don jin daɗinmu?

Da farko dai mu ba Hajiya gaskiyarta. Masu nazarin ƙwaƙwalwar yara sun tabbatar da cewa da wuya babban mutum ya tuna abin da ya faru da shi kafin ya kai shekara uku, kuma abin da yake tunawa daga nan zuwa shekara bakwai tsinte-tsinte ne, wani ma ba tunawa ba ce, labarin da aka yi ta maimaita masa ne ya zauna. Ki gwada da kanki. Ki rufe ido ki nemo ranar da aka yaye ki, ko ranar da kika fara tafiya. Babu su. Saboda haka duk wanda ya ce zai kashe kuɗin mai da na masauki don ɗan shekara biyu ya riƙe tarihin wata ƙasa a kansa, yaudarar kansa yake yi.

Bari mu ɗauki hanyar da mutanenmu suka fi sani, wato Kano zuwa Damagaram, tafiyar kimanin kilomita 240. Za ku bi ta Kazaure ku shiga Daura, ku kai bakin iyaka a Kongolam, ku ƙetara ku bi ta Matamaye, ku haɗu da babban titin da ya taso daga Yamai a Takeita, sannan ku karya gabas. Kafin ku shiga gari za ku wuce Tirmini, inda sojan Faransa suka gwabza da mayaƙan Damagaram a 1899, shekara guda bayan an kashe wani hafsansu mai suna Kazamaju a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A cikin gari akwai unguwar Birni da fadar Sarkin Damagaram, da ragowar ganuwar da ake danganta wa Sarki Tanimu, wanda ya yi suna da ƙera bindigogin igwa. Akwai unguwar Zango da gidajenta masu zanen ado a fuska. Garin nan shi ne babban birnin Nijar a zamanin Turawa, har zuwa 1926 da aka mai da mulki Yamai.

Duk wannan maigida ne zai ji daɗinsa, da ke, da watakila babbar 'yarku mai shekara goma. Shi kuwa auta, kin san me zai gani? Ƙadangare a kan manyan duwatsun Birni. Doki a ƙofar fada. Jar rigar dogari. Wani tsoho da ya miƙo masa dabino. Kina nuna masa ganuwa yana nuna miki akuya. Idan kuka dawo gida maƙwabta suka ce me ka gani a Nijar, sai ya ce ya ga jaki da kaya. To a nan Hajiya ta ci gardama ke nan?

Ni a ganina ba ta ci ba, domin akwai bambanci tsakanin abin da mutum ya tuna da abin da ya gina shi. Babu ɗayanmu da ta tuna ranar da ta koyi Hausa, amma ga shi da ita muke magana. Babu wadda ta tuna nonon da ta sha ko bayan da aka goya ta, amma da su ta yi ƙashi. Da a ce abin da yaro zai tuna kaɗai ya cancanci a yi masa, da babu dalilin yi wa jariri wasa ko rarrashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma iccen ba ya sanin ranar da aka tanƙwara shi. Yaro ƙarami ba ya ɗaukar sunan gari da shekarar yaƙi, amma yana ɗaukar yanayi. Yana ɗaukar yadda muryar ubansa take idan ransa ya ɓaci, da yadda fuskar uwarsa take idan ta ga baƙon abu. Wannan shi ne guzurin da yake dawowa da shi, kuma ba ya ƙarewa.

Kin ga a gida maigida yakan fita da safe ya dawo da dare, yara ba su cika ganinsa yana mu'amala da mutanen waje ba. Ke ma kina ɗaki, suna tsakar gida ko makaranta. Amma a mota babu wurin ɓuya. Awa biyar, awa shida, kuna cikin akwati guda, kunnuwansu a buɗe ko da idonsu a rufe yake. Duk halin da kuke ɓoye musu a gida, hanya za ta tone shi. Shi ya sa nake cewa darasin tafiya yana cikin motar, tun kafin a kai inda za a.

Ki dubi abin da kan faru a bakin iyaka. Ana tsayawa gaban jami'an shige da fice, da na kwastan, a ƙetara kuma a tarar da jandarma da 'yan duwan. Ana neman takardun mutane, da na mota, da katin rigakafin shawara. Wani maigidan ya shirya komai tun daga gida, ya fito ya yi sallama, ya miƙa takardu, ya jira da haƙuri ko da an ɓata masa lokaci. Wani kuwa takardarsa ba ta cika ba, sai ya dunƙule kuɗi a hannu ya miƙa, ya dawo mota yana dariya yana cewa, "Ai kowa da farashinsa." Wani ma har ya juyo ya ce wa babban ɗansa, "In sun tambaye ka, ka ce shekararka kaza." Yaron nan ba zai tuna sunan Kongolam ba. Amma ya koyi cewa doka abin saye ce, kuma ƙarya halal ce idan Baba ne ya ce a yi. Ranar da ya kai shekara goma sha biyar ya shirga miki ƙarya ido cikin ido, sai ki riƙe baki ki ce a ina ya koyo.

Mu ma mata muna da namu. Da an shiga ƙasar mutane sai bakinmu ya buɗe. "Kai, ji Hausarsu!" "Dubi abin da suke ci!" "Su kam ba su waye ba." A kasuwa mai talla ta ce miki dala ashirin, ki tsaya kina ƙyalƙyala dariya, alhali da kin tambaya da ladabi da ta gaya miki cewa a lissafinsu dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari ke nan, jika kuma sefa dubu. Su ce lakwal mu ce makaranta, su ce mushe mu ce malam, domin su Faransa ta mulke su, mu Ingila. Mu ma ai da muke cewa mota da tebur da bokiti, ba daga kakanninmu muka gaje su ba. Uwar da ta juyo ta ce wa 'yarta, "Kin ji yadda suke cewa? Maimaita mu ji," ta koya mata cewa duniya da faɗi take, kuma wanda ya bambanta da kai ba ƙasa da kai yake ba. Uwar da ta yi tsaki ta koya wa tata raini. Su biyun hanya ɗaya suka bi, mai ɗaya suka ƙona.

To idan haka ne, amsata ga Hajiya ita ce, e, akwai amfani a tafi da yaro ko da ba zai tuna ba. Sai dai wannan amsa tana da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi amsar nauyi. Yaron nan ba a yi shawara da shi ba. Bai ce a kai shi ba, ba ya iya cewa a tsaya, ba ya iya cewa a koma. Ɗaukarsa aka yi aka sa a mota kamar yadda aka sa jaka. Duk wanda ba shi da bakin cewa a'a, to amanarsa tana wuyan wanda ya yanke masa hukunci. Saboda haka ma'aunin tafiyar iyali shi ne mafi ƙanƙanta a cikin motar. Abin da jikinsa zai iya ɗauka shi ne iyakar tafiyar ranar, ko da maigida yana jin zai iya tuƙi har asuba.

A nan ne yawancin tafiye-tafiye suke lalacewa. An ga Damagaram, sai maigida ya ce tun da an fito ai sai a kai Yamai. Tsakanin garuruwan nan biyu akwai kusan kilomita 900. Za a bi ta Maradi, a wuce Galmi mai albasa, da Birnin Ƙonni, da Dogon Dutsi, da Doso. Sai ya lissafa da yatsa ya ce in an tashi da asuba za a kwana can. Yara su ce fitsari, ya ce su riƙe. Su ce yunwa, a miƙa musu biskit ta baya. Auta ya yi kuka har muryarsa ta dushe, a daka masa tsawa. Ke kuma ki yi shiru don kada a ce kin cika ƙorafi. A isa cikin dare kowa ransa a ɓace, gobe a tashe su da sassafe wai a je kallo. Don Allah wannan hutu ne ko horo? Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Masana tuƙi suna ba da shawarar direba ya tsaya ya huta duk bayan awa biyu, to ina ga yaron da ƙafarsa ba ta saba zama wuri guda na minti goma ba? Gari biyu da aka gani cikin natsuwa sun fi gari shida da aka gani ta tagar mota.

Akwai kuma abin da ya fi gajiya muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Amma mu har gobe uwa ce a kujerar gaba da jariri a cinya, tana ganin hannunta ya isa ya riƙe shi. 'Yar uwa, motar da ke gudun kilomita 50 a awa idan ta daki abu ta tsaya cak, kamar an faɗo ne daga tsayin mita goma, wato daga saman bene mai hawa uku. Babu hannun uwar da zai iya riƙe ɗa a wannan lokaci, duk son da take masa. Wurin yaro kujerar baya ne, ƙarami a cikin kujerarsa ta yara da aka ɗaure, babba da bel. Mutumin da ya iya sayen man zuwa wata ƙasa ya iya sayen kujerar yaro. Idan ya ce ai Allah ne ke tsarewa, ki ce masa gaskiya ne Alhaji, amma ai ka duba taya da birki kafin mu fito.

Haka zancen zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin wannan yanki yakan haura digiri 40. Motar da aka rufe a rana, cikin minti goma zafin cikinta kan ƙaru da kusan digiri goma, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninki uku zuwa biyar. Kada ki yarda a bar yaro yana barci a mota wai za a shiga kasuwa a fito yanzu, ko da an ɗan sauke gilashi. Ki tanadi ruwa mai tsabta fiye da yadda kike zaton za a sha. Canjin ruwa da abinci kan kawo gudawa, gudawa kuwa tana saurin kayar da ƙaramin yaro, don haka kada jakarki ta rabu da ƙullin gishiri da sukari na asibiti. In ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kafin a kai ga likita. Gidan sauro ma ya shiga kaya. Allurar shawara ana yi wa yaro tun yana wata tara, kuma tun 2016 katinta na har abada ne, ba a sabunta shi. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, su ne amanar da muke magana.

Wani lokaci kuma riƙon amanar shi ne a fasa. Kusa da Yamai, kimanin kilomita 60, akwai Kure, inda ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke yawo a sake cikin gonakin mutane. A 1996 guda 49 kacal suka rage, aka tashi tsaye wajen kare su har suka haura 600. A cikin Yamai akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da namun daji, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, da kututturen bishiyar nan ta hamadar Tenere wadda wata babbar mota ta kayar a 1973. Wace uwa ce ba za ta so ɗanta ya ga raƙumin dawa ido da ido ba? Amma a can Kure ɗin ne 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a watan Agusta na 2020, Faransawa shida ma'aikatan agaji da 'yan Nijar biyu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Nijeriya da Nijar wata da watanni, sai a Maris 2024 aka buɗe, sannan a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Mu ma namu hanyoyin na wannan gefe kowa ya san halin da wasunsu suka shiga. Mai iyali ba ya tashi da labarin bara. Ya tambayi direbobin tasha da 'yan uwan da ke can, ya tambayi hukuma irin takardun da ake nema, kada ya yi tafiyar dare. In aka ce masa hanya ba ta da kyau, ya juya. Uban da ya ce wa 'ya'yansa, "Bana ba za mu kai can ba, domin kun fi min raƙumin dawa," ya ba su abin da ya fi kallon.

Yanzu bari in juyo kanmu, domin akwai wadda ake mantawa da ita a lissafin nan. An ce hutu aka tafi, to wa ya huta? Uwargida ce ta kwana uku tana wanki da guga da suyar nama da dambu. A mota ita ce mai miƙa ruwa, mai share amai, mai raba faɗa. A masauki ita ce mai wanka da wankin kashi, maigida ya fita shan iska da abokai. A gaban fada yana ɗaukar hoto, ita tana bin auta kada ya faɗa kwata. Ta dawo gida ta fi yadda ta tafi gajiya, a ce mata ai kin sha yawo. Wannan ma yara suna gani. Ɗa namiji yana koyon cewa hutu na maza ne, 'ya mace tana koyon cewa haka rabonta yake. Ba sai an yi faɗa ba, 'yar uwa. Tun ana shiri a gida, lokacin da ransa yake fari, ki ce, "Alhaji, in mun tsaya cin abinci kai za ka riƙe min auta in samu in ci da hannu biyu." Yawancin maza ba mugunta ce ke hana su ba, ba a saba musu ba ne. Kuma ranar da yaro ya ga ubansa ya saɓa shi a kafaɗa yana zagaya kasuwa da shi, wannan ɗumin ba ya barin jikinsa.

Sai kuma wadda ta fi uwargida shiga uku, wato 'yar aiki. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu ko sha uku, an ɗauko ta don ta yi goyo. A mota an cusa ta can baya tare da kaya. A wurin cin abinci an saya wa 'ya'yan gida kaza da lemo, ita sai abin da suka rage. Wurin hoto a ce ta matsa gefe. Ita ma fa yarinya ce, ita ma wannan ne karonta na farko da ta ga wata ƙasa, kuma ita shekarunta sun kai ta tuna komai. Ita ce za ta riƙe tafiyar nan har tsufanta, da daɗinta da ɗacinta. 'Ya'yanki kuma suna kallon yadda ake yi da wanda ba shi da gata. Idan ba za ki iya ba ta kujera da kwano irin na 'ya'yanki ba, barinta a gida ya fi adalci.

Haka gidan da ke da mace fiye da ɗaya. Mota ba za ta ɗauki kowa ba, gaskiya ne. Amma idan bana an tafi da 'ya'yan ɗaki ɗaya, baɗi ma su, waɗancan suna leƙe ta taga ana loda kaya, to an shuka abin da za a girbe ranar rabon gado. Ke da aka tafi da naki, kada ki ɗauka nasara kika yi. Ke ce ya kamata ki fara cewa a ɗauki ɗaya daga wancan ɗaki, ko a yi alkawarin zagaye na gaba nasu ne kuma a cika. 'Yan uban nan su ne dangin 'ya'yanki ranar da babu ke.

Akwai wata tambaya da nake so kowace mace ta yi wa zuciyarta a ɓoye. Da a ce babu waya, babu hoto, babu wanda zai san kun je, za ki so tafiyar? Domin a zamanin nan wasu tafiye-tafiyen don idon mutane ake yin su. A tsai da yaro a rana a ce ya yi dariya, ya ƙi, a zare masa ido, ya yi dariyar dole hawaye na kwance, a ɗora a Facebook da WhatsApp don kishiya da ƙawaye su gani. Wasu har bashi ake ci, a dawo kuɗin makaranta ya gagara. Irin wannan tafiya Hajiya ta fi mu gaskiya a kanta, gara a bar mata jikokinta su sha fura a inuwa.

Ke kuma da kike karanta wannan kina cewa mu ina muka ga mota balle ƙetare, kada ranki ya sosu. Tun da mun yarda cewa abin da yaro yake ɗauka shi ne halin iyayensa a hanya, to ba sai da fasfo ba. Wanda ke Kano ya hau Dutsen Dala da yaransa su hango gari, ya kai su Gidan Makama ko gidan zu. Wanda ke kusa da Daura ya kai su rijiyar Kusugu. A shiga motar haya a je ƙauye gai da kaka, a nuna musu gero a gona da yadda ake tatsar saniya. Yaron da aka riƙe wa hannu aka amsa masa tambayoyinsa a tafiyar kilomita 20 ya fi wanda aka kai ƙasa uku ana daka masa tsawa samun riba.

Saboda haka idan an zo shawara a gidanki, ga abin da zan ce ki duba. Idan yaron jariri ne ƙwarai, ko ba shi da lafiya, ko lokacin tsananin zafi ne, ko hanyar babu tabbas, ko maigida mai gaggawa ne da ba ya jin a tsaya, to ki bar shi wurin kakarsa da zuciya ɗaya, ko ku ɗage tafiyar. Babu abin kunya a ciki. Idan kuwa za ku iya tafiya da saurin mafi ƙanƙantarku, ku tsaya inda ya gaji, ku kalli ƙadangaren da ya nuna muku kafin ku nuna masa ganuwa, ku gai da mutanen ƙasar da mutunci, ku faɗi gaskiya a bakin iyaka, ku raba aiki da abinci da adalci, to ku tafi da shi. Ba zai tuna Damagaram ba. Wata rana dai za ki gan shi ya girma, ya tsai da motarsa a gefen hanya don ɗansa ya ce ƙafarsa ta gaji, ko ya yi wa baƙo magana da ladabi, shi kansa bai san inda ya samo ba.

Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya ba mu ikon riƙe amanar ƙananan da aka damƙa mana.